Siliva Ta Rasu da Muryar Innata a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɗaci kuma wanda ya fi baƙin cikin yawa, ni Venina matar Isikeli, tsohuwar malamar aji huɗu a nan Nausori, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, matan zumuntar coci da duk wanda ya taɓa zuwa aronta, rasuwar kwamfutata ta cinya, wadda gidan nan ya sani da suna Siliva saboda murfinta mai ruwan azurfa. Rai ya yi halinsa ranar Asabar ta makon jiya, wajen ƙarfe uku na yamma, a kan teburin cin abinci, bayan doguwar jinyar cushewar ciki. Shekararta tara a hannuna. Ta tafi da muryar mahaifiyata a cikinta, shi ya sa ba zan iya rubuta sanarwar nan da ladabin da aka saba ba, sai a yi haƙuri da ni.

Zan faɗi alherinta tukuna, don kada a ce ban san hakkin mamaci ba. Marigayiyar ta iso mana daga Auckland a akwatin ƙanwar mijina, a naɗe cikin tawul, tsakanin gwangwanayen nama. Tun daga ranar ba ta huta ba. Ita ta buga jarrabawar yara na kowane zango har na ajiye alli, ita take tsara waƙoƙin Lahadi da jerin masu dafa abinci idan an yi rasuwa a dangi. Ta ga guguwa biyu daga cikin leda a saman kwaba. Tururuwa sun taɓa tarewa a cikinta wata guda, ta haƙura da su. Shayi ya zube mata, harafi ɗaya ya daina aiki, muka koyi rubutu ba tare da shi ba. Da safe idan na ɗaga murfinta sai ta ce "tin-din-diiin", fankarta ta ja numfashi "fuuuu", ni kuma in amsa mata kamar yadda ake amsa gaisuwar maƙwabciya.

Kuma ba ta taɓa hana kowa kanta ba, don ni ban taɓa hanawa ba. A wurinmu idan ɗan uwa ya shigo ya zauna a tabarma ya sunkuyar da kai ya ce kerekere, wato ya roƙe ka abu da sunan zumunci, to magana ta ƙare, sai dai ka tambaye shi ko yana son caja ma. Siliva ta je bukukuwan aure da ban je ba. Ta kwana a ƙauyukan da ban san hanyarsu ba. Amma wanda ya fi kowa ɗaukarta shi ne Waisake, ɗan kawuna, taubashina, mutumin da al'ada ta ba shi izinin ya zage ni a gaban baƙi, ya cinye kifin da ke kwanona, in yi dariya. Shi ko zama ba ya yi. Daga bakin ƙofa zai ɗaga murya, "Tsohuwa, ina amaryar tawa? Zan rubuta takardar neman aiki." Shekara bakwai yana rubuta takardar nan, har yau a gonar rogo yake.

Ga abin da na ba ta amana. A shekarar ƙarshe ta rayuwar Inna Salanieta, da na ga ƙafafunta sun fara kumbura, na dinga ɗaukarta a bidiyo duk ranar da ta ji ƙarfi. Inna 'yar tsibirin Vatulele ce, hannunta ya tashi a aikin masi, zanen da ake yi da ɓawon itace. Na ɗauke ta tana jiƙa ɓawo, tana bugunsa a kan gungume, tana ɗora masa zane da baƙi da ja, tana waƙar da matan garinsu suke yi don bugun ya tafi daidai. Bidiyo arba'in da uku. Ranar da muka dawo daga binne ta na zuba su duka a cikin Siliva, na rufe murfin, na ce mata ga Inna nan, ki riƙe mini.

Ciwon ya fara a hankali. Ta soma nauyin tashi, sai na ɗora ruwan zafi na dawo ba ta gama buɗe ido ba. Daga nan ta fara fito mini da wani ɗan saƙo a gefen fuskarta, da wata ƙara "ɗing", wai rumbun ajiyarta ya kusa cika, in goge wasu abubuwa. Idan na danna saƙon sai ta jero mini manyan kayana daga sama zuwa ƙasa, kuma kullum Inna ce a sama. Ranar farko na rufe ta na tafi. Amma jarrabawa tana jira, ta kuma ƙi karɓar ko shafi ɗaya, sai na zauna na zaɓi bidiyon da hannuna ya fi rawa a ciki, na ce wannan dai ba a ganin fuskarta sosai, na goge. Bayan wata biyu na goge wanda zakara ya cika da cara. Haka na dinga zama ina yi wa mahaifiyata alƙalanci, wannan ta yi tari da yawa, wannan rana ta haske hoton, ina gogewa ina ba Siliva haƙuri a kan na cika mata ciki.

Na san za a ce me ya hana ni kwashe su a filashi. Na sayi filashi har huɗu. Kowanne bai yi mako a gidan nan ba aka zo aka sunkuyar da kai, ya tafi, ɗaya ma har da bidiyo shida a ciki, wanda ya ara ya share su ya zuba waƙoƙin biki. Zuwa bana saura bidiyo ɗaya tak, na minti goma sha ɗaya, wanda Inna ta rera waƙar tun daga farko har ƙarshe. Shi kam na rantse ko Siliva za ta fashe ba zan taɓa shi ba.

Ranar Asabar ɗin 'yata Miliakere ta zo daga Suva, inda take aikin ofis. Ta ga ina jiran kwamfuta ta buɗe ina tsinke ganyen gwaza, ta ce, "Mama, wai har yanzu wannan gyatumar kike lallaɓawa? Me kika tara mata ne haka?"

Na ce, "Ni? Ai ni babu abin da ya rage mini a cikinta sai kakarki."

Ta jawo kujera. Ta ce akwai wata manhaja da ke leƙa rumbun kwamfuta lungu-lungu, ta auna kowane kaya, ta zana maka shi a fuska gwargwadon wurin da ya ci. Ta saka ta, muka jira. Siliva ta yi ta nishi "grrr, grrr" kusan awa guda, ashe nishin mai gudun tonon asiri ne. Can sai hoton ya fito, murabba'ai masu launi iri-iri a jere kamar facin bargo. Miliakere ta nuna mini wani ɗan kore a kusurwa, ta ce duk takarduna na shekara tara ke nan. Ta nuna wani shuɗi wanda bai fi farcen ɗan yatsa ba, ta ce wannan Kaka ce. Sauran fuskar kuwa, daga wannan gefe zuwa wancan, ja ne wur, shimfiɗe.

Na ce, "Wannan jan fa?"

Ta matsa kusa, ta karanta, ta dafe baki. "Mama, akwai wani ɗaki a cikin kwamfutar nan da ba naki ba. An buɗe shi da wani suna, da kalmar sirri, shi ya sa ba kya ganinsa daga naki ɓangaren. Giga ɗari uku da goma sha biyu."

"Sunan wa?"

"Kawu Waisake."

Ƙwallon zari-ruga ne. Wasannin zari-ruga na shekara bakwai, na ƙasa da na ƙauye, har da na 'yan makaranta, wasu an ajiye su sau uku don mai ajiyar bai san ya riga ya ajiye ba. Na juya wajen Isikeli, wanda yake bakin ƙofa yana gyaran ragar kifi, na ga ragar ta zama abin kallo a wurinsa. Na ce, "Baban Mili, ka san da wannan?"

Ya ce, "To, ai dai... ranar Lahadi idan kin tafi zumunta mukan ɗan duba ɗaya ko biyu. Ni na zaci wurin yana da yawa."

Wato a cikin gidana, a kan teburina, mutum biyu da kwamfuta ɗaya sun haɗa baki shekara bakwai. Mazan ban yi mamakinsu sosai ba, na san abin da ƙwallo yake yi wa hankalinsu. Siliva ce ta ci amanata. Ta san abin da ke cikinta. Duk ranar da ta ce mini "ɗing", ta san wanda ya cika ta, amma ba ta taɓa nuna mini ko gefen jan nan ba, sai ta miƙo mini mahaifiyata ta ce ga mai nauyin. Sau talatin da shida na danna da yatsana, tana tambayata wai na tabbata, ina cewa e.

A nan zan faɗi nawa laifin, sau ɗaya, kada kuma wani ya maimaita mini a wurin makoki. Miliakere ta ce, "Mama, bari mu fara kwashe Kaka a wayata, minti biyu ne." Ni kuwa idona ya rufe. Na ce, "A'a. Goge jan nan tukuna, yanzu, ina kallo." Ta ce rumbun ya tsufa, ya kuma sha wuya yau. Na ce ni na haife ta ko ita ta haife ni? Ta danna. Wani layi ya fara tafiya, wasanni suna fita ɗari-ɗari, raina yana yin sanyi. Da layin ya wuce rabi kaɗan sai Siliva ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, "ƙat, ƙat, ƙat", fankar ta ja dogon numfashi, fuskar ta yi baƙi. Mun kai ta wurin mai gyara a Suva ranar Litinin. Ya buɗe rumbun, ya saurara, ya ce allurar ciki ta karce faifan, ko a Sydney ba za a ciro komai ba.

Waisake ya zo ta'aziyya ranar Laraba, da ƙullin kava a hannu, saiwar da ake jiƙawa a sha, wadda ake kaiwa gaisuwa a wurinmu, wannan karon har ya zauna. Ya ce, "Haba tsohuwa, ai da kin tambaye ni da na faɗa miki."

Na ce, "In tambaye ka me? Ko ka gina ɗaki a cikin kayana?"

Ya yi 'yar dariyar da ya saba, ya ga ban taya shi ba. Na ce, "Gwaggonka ce fa, Waisake. Ita ta yi masin da aka naɗe ka da shi ranar aurenka." Ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya ɗago, wallahi, sai ya tambaya a hankali ko mai gyaran ya ce wasan ƙarshe na gasar ƙauyensu ma ya tafi. Al'ada ta hana ni fushi da taubashi, don haka ban yi fushi ba, na dai karɓe kofin shayin da ke gabansa na mayar kicin.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, wadda sai an karkata ta take kawo wuta, da jaka mai tsagaggen zif, da linzamin kwamfuta da ya riga ya yi ritaya tun bara. Ta bar mijina, wanda tun ranar Asabar yake wanke kwanoni ba a sa shi ba. Ta bar 'yata, da take ganin laifinta ne alhali ba nata ba ne. Ta kuma bar dangi masu yawa a Rewa da Vatulele waɗanda yanzu ba su san inda za su buga takardar gayyata ba.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe a gidanmu da ke bayan cocin, daga nan Miliakere ta wuce da gawar wurin masu karɓar matattun kayan lantarki a Suva. Za a dafa gwaza da kifi da madarar kwakwa, Isikeli da Waisake ne za su haƙa ramin gasa abincin, su biyu kawai, kada kowa ya taya su. Ina roƙon masu zuwa kada su kawo tabarma ko zanen da aka saba kaiwa gidan makoki, gidan ya cika da su. Ku kawo wayoyinku, da duk wani tsohon filashi da ke cikin aljihun tebur, ko nawa ne ko ba nawa ba, ba zan tambayi yadda aka yi ya zo hannunku ba. Siliva ta yi yawo a gidajenku shekara tara, wataƙila wani ya taɓa kwasar waƙoƙi ya haɗa da wata tsohuwa mai bugun ɓawo bai sani ba. Miliakere za ta zauna a baranda ta duba su ɗaya bayan ɗaya.

In kuma ba a samu ba, ina da roƙo na ƙarshe ga tsofaffin matan Vatulele da suka taɓa zama gefen gungume ɗaya da Salanieta. Baiti na farko da na biyu na waƙar suna bakina. Jiya ina wanke shinkafa na ja na uku har tsakiya, sai na tsaya da hannuna a cikin ruwa, ban san inda Inna take saukar da murya ba. Duk wadda ta tuna, ko ba ta iya tafiya, ta aiko a faɗa mini, zan zo da kaina in zauna a ƙasa in koya.