Ɗan Barewar Hanyar Gamu

Shekarar da aka turo ni Gure koyarwa, bayan babban fari, na sayi kamara, na ɗauki kaina gwani. Har bayani nake wa malaman lakwal, wato makarantar boko: hoton dabba sai ka kwanta daidai idonta, rana tana bayanka.

Wata Lahadi, a hanyar Gamu, na hango ɗan barewa kwance a gindin aduwa. Na ja ciki cikin ƙarangiya. Ko motsi bai yi ba, na ce ƙwarewata ce.

Da aka wanko hoton, na liƙa shi a ofishin darekta, na rubuta "Ɗan barewa" da jan biro.

Sai ga Ya Falmata, mai kawo mana nono. Ta ƙura wa hoton ido, ta kira ni yadda ake kiran malamin boko a can, ta ce, "Mushe, ina ka ga ɗan akuyata? Ga ma tsagar da na yi masa a kunne."

Darekta ya fita waje ya yi dariyarsa. Ni kuwa na kasa ɗaga kai.

Har na bar Gure, in akuya ta yi kuka sai wani ya ce, "Mushe, ɗauko kamara, namun daji sun shigo gari."