Nomau Alƙalin Gasar Roka

A garin Kwanar Maje an yi wani mutum, Nomau, yana zaune da matarsa Tasalla da tsohuwarsa Inna Kulu. Ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai yadda magana ta shiga kunnensa haka yake aikata ta. Tasalla ta daɗe da daina ce masa ya sa ido a kan tukunya.

Wata rana Alhaji Sambo mai taya ya sa gasa. Duk wanda ya ƙera 'yar roka ta tashi sama, ta dawo cikin da'irar da aka zana a filin ƙwallo, ta tsaya da ƙafafunta, ya ci shago da janareta. Mutum biyu suka fito, Isuhu mai walda da Malama Balaraba ta kwalejin fasaha. Gari ya rabu biyu, duk alƙalin da aka kawo sai a ce surukin wane ne. Ƙarshe aka yarda da Nomau. Alhaji ya ce masa, "Abu ɗaya nake so, ka tsaya a tsakiya." Ranar gwaji aka tarar da shi ƙiƙam a tsakiyar da'ira, daidai inda roka za ta sauka. Aka yi lallashi har la'asar bai gusa ba, sai da aka ɗauko Alhaji daga kasuwa.

Wata rana Isuhu ya kai ƙara, wai Balaraba ta leƙa masa aiki. Ita ma ta ce nata aka leƙa. Alhaji ya ce, "Nomau, auna maganarsu." Nomau ya aro sikelin mai nama, ya sa kowa ya sunkuya ya faɗi tasa a kai. Allura ba ta motsa ba.

"Alhaji, duk ba su da nauyi," in ji shi.

Wata rana, ranar gasar kanta, rokar Balaraba ta tashi ta dawo cikin da'ira, ta ɗan yi tangaɗi ta kife. Ta Isuhu ta tsaya cak, amma can bayan raga. Waɗannan na cewa su suka ci, waɗancan na cewa ƙarya ne, har wasu sun fara naɗe hannun riga. Alhaji ya share gumi ya ce, "Nomau, don Allah haɗa kansu."

Nomau ya dubi Isuhu, ya dubi Balaraba, ya ga matar aure ce, bai kamata ya taɓa kanta ba. To, lalle rokokin ake nufi. Ya kwantar da su kai da kai, ya ɗaure tam da igiya.

Su biyun suka durƙusa suna kwancewa, kowa na huci. Can Balaraba ta gwada bututun rokarta da na tasa.

"Malam Isuhu, ashe faɗinsu ɗaya."

"Wurin mai rijiyar burtsatse na sayo nawa."

"Ni ma. Tawa ta san hanya, taka tana da ƙafa."

Sati na zagayowa roka guda ta tashi, kan rokar Balaraba a jikin ta Isuhu, ta sauka cikin da'ira ta tsaya. Aka rubuta sunan su biyu a ƙofar shago. Alhaji ya ce Nomau ya faɗi abin da yake so a duniya.

Nomau ya yi dogon tunani, sannan ya ce, "A mayar mini da igiyar, Alhaji. Ta akuyar Inna ce, tun ranar nan tana yawo."