Yadda Za Ki Sa Ɗanki Mai Gyara Daga Nesa Ya Zo da Ƙafarsa

'Yar'uwa, in ɗanki ya sayo miki kwamfuta don ki riƙa ganin jikoki, kuma tun ranar bai sake taka gidanki ba, matso. Wata tsohuwa mai kama da ni sak ta gwada wannan dabara, sai da ɗanta ya zo. Naki ma zai zo.

1. Gane inda aka cuce ki
Da, in abu ya lalace, zuwa yake yi. Yanzu daga inda yake zaune yake shigowa cikin injin, ki ga 'yar kibiya na yawo ita kaɗai tana gyara. Wai akwai katanga a ciki mai tare ɓarayi, shi ya huda ƙofa don kansa, ke ce mai danna koren maɓalli ki buɗe masa. Haka tsohuwar nan ta haifi mutum, ta ƙare a gadin kibiya.

2. Haddace gargaɗinsa
Shi da bakinsa ya ce kowa ya kira yana neman ki danna kore, kar ki yarda, 'yan damfara har murya suke kwaikwaya. Ajiye wannan, za ta yi rana.

3. Ɓata wani abu
Danna duk inda yatsa ya faɗa. Nan ne rashin karatu yake da amfani, babu mai zarginki.

4. Hana shi shiga
In ya kira, ki ce ba ki san mai magana ba. Ɗan tsohuwar ya faɗi sunan kakansa, ya faɗi tabon gwiwarsa, ta ce ɓarayin yanzu bincike gare su.
"Mama, wallahi ni ne."
"Yaro, in kai ne, ai ka san hanyar gidan."

5. San inda za ki tsaya
Ita tsohuwar ba ta sani ba. Ya zo, ya ci, ya kwana, ta ji daɗi. Da safe matarsa ta bugo waya ta ce uwar da ba ta gane muryar ɗanta ba a barin ta ita kaɗai. Aka kai ta wajen likita, aka kwashe ta zuwa gidansu. Yanzu ɗakinta na jikin nasa. Yini yake a kulle cikin kwamfutocin mutane, in tana son magana sai ta buga masa waya.

Ni dai ban aike ki ba. In aka raba ki da kajinki da tukwanenki, kar ki zo min kuka. Ko kin zo ma, ba na wancan gidan.