Ranar da Na Yi wa Daɓen Alhaji Wanka

A shekarun tamanin, ina karatu a Lyon, Alhaji Mamman, ɗan kasuwar Maraɗi da ke zaune a Paris, ya ba ni amanar wani gidansa na bakin kogi a nan Lyon. Daɓen na katako ne, gogagge har yana ɗaukar ido. Da na ji zai zo da Hajiya, sai na ƙudurta su tarar da tsafta irin ta garinmu Damagaram. Na kwarara ruwa bokiti-bokiti, na bi da tsintsiya, kamar yadda muke yi wa siminti.

Washegari katakon ya sha ya ƙoshi, ga garin da laima, ba alamar rana. Ban tambayi kowa ba. Wa zai koya wa ɗan Damagaram shanya? Na rufe tagogi ruf, na ƙure na'urar ɗumama ɗaki.

Ranar da suka iso, kowane katako ya lanƙwashe kamar kwalekwale, ƙofa ma sai da aka sa mata kafaɗa. Alhaji ya nemi inda zai shimfiɗa darduma ya rasa. Ya dube ni, ya ce, "Malam, rani da damina duk a ɗaki ɗaya ka kawo mana?"

Da ƙasa ta tsage, da na shige, amma ita ma na lalata ta.

Sai da kafinta ya ɗaga katakon, ya bar iska ta busar da ƙarƙashinsa sannu a hankali. Alhaji ya karɓi makullinsa.

Har yau in na je gaishe su, Hajiya kan miƙo mini ruwa, ta riƙe kofin kam, ta ce, "Na sha ne, ɗana. Daɓen nan ya yi wanka jiya."