Ranar da Merv Ya Gyara Babur Ɗin Marigayi

"Ni inji in ya ji takuna kawai tashi yake yi," in ji Merv Tuckwell, yana naɗe hannun farar rigarsa a ƙofar rumfar Inna Noelene. "Ku ba ni minti goma. In ya kai sha ɗaya, ku aske min gashin baki."

Kai da ba ka san Merv ba, sai ka ɗauka wani gagarumin bakanike ne. Mu da muka shekara ashirin muna askin tumaki tare da shi a yammacin jihar Queensland, mun san ko tayar baro bai taɓa gyarawa ta zauna ba. Baki dai Allah ya hore masa, shi ya sa muke ce masa Injiniyan Baka.

Babur ɗin kuwa na marigayi Clarrie ne, mijin Noelene. Tsohon babur ne na shiga jeji, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Shekara talatin shi ke jan gaban jerin gwanon bikin manoma na garinmu. Clarrie ya rasu bara, Noelene kuma, da shekarunta saba'in, ta rantse bana ita za ta hau. Kwamitin bikin ya ce ya ji, amma in ƙarfe goma ta buga babur bai iso ba, motar kashe gobara za ta shiga gaba. Ga shi takwas ta wuce, babur ya ce bai san zancen ba.

Merv ya ɗare ya fara buga kik. Ya buga ashirin, ya buga arba'in, babur ko tari bai yi ba. A na arba'in da ɗaya ƙarfen ya dawo ya sami ƙwaurinsa. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ya zagaye rumfar, ya dawo yana cewa ai da gangan ya yi, ƙarfin injin yake aunawa.

Daga nan ya yanke hukunci fulogi ne ya mutu. Ya kwance shi, ya riƙe da yatsu, ya ce in buga kik ya ga ko da wuta. Na ce masa ya ɗora shi a jikin ƙarfe yadda kowa ke yi.

"Kai dai buga, abokina. Ni da wuta mun saba."

Na buga da iya ƙarfina, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Ihun da Merv ya kurma sai da ya tashi tsuntsayen da ke kan tankin ruwa. Da numfashinsa ya dawo ya ce to, an gama da wannan, akwai wuta.

Sai laifi ya koma kan fetur, wai ya tsufa. Ya zura tiyo a tanki ya zuƙa da baki, ya haɗiye rabin kofi, ya koma gefe yana kakari. Muka zuba sabo, shiru. Ya kwance kafireto ya baje kayan cikinsa a ƙasa, wata kazar Noelene ta zo ta tsince ƙaramin noti ta zura da gudu. Ƙato mai jikoki biyu ya bi kaza har ƙarƙashin mota yana kiranta ɓarauniya, kafin ta ga dama ta yar.

Ƙarfe tara da kwata ya ce tura shi za a yi. Ya hakimce a kai yana ba da umarni, ni ina turawa a gangara, gumi har cikin takalmi. Ya saki kuloci, tayar baya ta cije, babur ya tsaya cak, shi kuwa Injiniya ya ci gaba da tafiya ta sama. A kwamin ruwan tumaki ya sauka.

"Inna, gaskiya ɗaya ce," in ji shi yana tsiyayar ruwa. "Injin nan ya bi mai shi. Ko wanda ya ƙera shi ba zai tashe shi ba."

Noelene ta dubi babur ɗin. Tana tsaye da hular kwanon Clarrie a hannu, daga filin biki kuma ana jiyo makaɗa sun fara gwada ganguna. Wallahi tausayinta ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da na biye wa wannan sakarai. Ta ɗauki tsumma ta shiga goge babur ɗin a hankali, daga fitila har baya, tana shirin mayar da shi rumfa. Da ta kai bakin salansa sai ta tsaya. Wani zare ne ke leƙowa.

Ta samo waya ta lanƙwasa bakinta, ta zura, ta jawo. Sai ga safa, doguwa, baƙa ƙirin, an danna ta can ciki da sanda.

A nan kowa ya san in za a ajiye inji ya daɗe, sai an toshe salansa don kada zanzaro ya gina ɗakin laka a ciki. Amma mai hankali a baki-baki yake sa tsumma, ya bar jela a waje don a gani a cire. Merv ya hau faɗa, yana tambayar wane jaki ne ya yi wannan aika-aika, ya ce da zai gan shi da ya koya masa hankali.

Masu askin tumaki wanki ɗaya muke haɗawa, don haka kowa da sunansa a ɗinke a kayansa. Noelene ta juya bakin safar ta karanta a fili: M. Tuckwell.

Nan take na tuna. Washegarin jana'izar Clarrie, Merv ya tara mu a rumfar nan ya yi mana lacca a kan zanzaro, ya koma gida ba safa cikin takalmi.

Bai daddara ba. Ya durƙusa ya kafa ido a bakin salansa, wai bari ya tabbatar babu saura. Noelene ta ɗora ƙafa ta buga kik sau ɗaya. Duk fetur da baƙin man da Merv ya tara a ciki tun safe suka fito tare da hayaƙi, suka yi masa fenti daga goshi har cibiya. Babur ya ɗauki ƙara, goma saura kwata.

Ta sa hular mijinta, ta ɗaure igiyar, ta sa giya. Har ta fara tafiya sai ta taka birki ta waiwayo.

"Merv, ɗan nan, janaretana ma tun bara bai tashi ba. Ina ɗaya ƙafar safar?"