Yadda Sabar Gidana Ta Tona Mani Asiri a Gaban Suruki

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ba, ko da tsufa ya kai ni ga manta sunan unguwarmu. Har yanzu in na tuna ta ina cin abinci, sai in ajiye lomar.

Ni ne mai kula da kwamfutoci a wata ƙaramar kwalejin koyon aikin lafiya a Dutsin-Ma. Ana kirana Injiniya (ban karanta injiniyanci ba, amma ban taɓa hana kowa faɗa ba). Gidana yana Kurfi, a kan babur nake zuwa in koma. Magatakardan kwalejin kuwa, Alhaji, surukina ne, mahaifin matata Hafsatu. Shi ya tsaya mani aka ɗauke ni aiki, kuma tun daga lokacin ake ta ƙus-ƙus cewa mijin 'yarsa kawai ya kawo, ba don na iya komai ba. Bai taɓa tanka wa kowa ba. Zamanmu a ofis zaman kunya ne: in na hango shi a baranda sai in sauya hanya, in kuma ba makawa sai in durƙusa in gaishe shi ina kallon takalmansa. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

To ni ina da wata cuta, ba na iya ganin tsohuwar kwamfuta in bar ta ta huta. Akwai wata 'yar ƙarama da na mayar saba a gida, wato ma'ajiyar da duk wayoyinmu ke ɗebo abu daga cikinta. Na zauna na shirya ta tsaf: hotunan biki gefe guda, karatun malamai gefe guda, bidiyoyin gida su ma da wurinsu. Ita ce kuma ke raba wa kowace na'ura a gidan lambar shiga netwok, kamar mai unguwa yana raba filaye. Don burga, sai na saita ta yadda duk adireshin da ba ta gane ba, za ta kai mutum shafin gidanmu, ta kuma kunna mashi sabon bidiyon da aka ajiye. Hafsatu ta sha cewa akwatin nan ya fi ta samun hira da ni, ni kuwa ina jin kaina wani shege.

Ran wata Juma'a na so sabunta manhajar cikinta, ga wuta babu, ga sabis na Kurfi yana tafiyar hawainiya. Sai na jefa ta a jaka na kawo ofis, inda akwai sola da intanet mai ƙarfi. Na jona ta da kebul ɗin da ke ƙarƙashin teburina, na tura ta can lungu, da niyyar ta ƙarasa aikinta a ƙarshen mako in cire ta Litinin da sassafe. Ko kusa ban kawo a raina ba cewa mai unguwar gidana zai wayi gari yana raba filaye a garin wasu.

Litinin ɗin nan kuwa ita ce ranar da baƙi za su zo daga Katsina su duba ko mun cancanci yi wa ɗalibai jarrabawa ta kwamfuta. Alhaji ya riga ya gaya wa hukumar kwalejin cewa mun shirya, kuma kowa ya san da wa ya dogara da ya faɗi haka. Wato ranar da zai rufe bakin masu ƙus-ƙus ke nan.

Ko babur ban gama jinginewa ba sai ga Hajiya Binta, sakatariyar ofishinsa, ta tare ni.

"Injiniya, kwamfutata ta ƙi ni. Na sa kalmar sirri ta ce ba ta san ni ba."

"Hajiya, kin tabbata ba ki danne maɓallin manyan baƙaƙe ba?" Na faɗa da irin muryar likitan da ya gaji da marasa lafiya.

"Tun kana firamare nake buga takarda, ka zo dai ka gani."

Na je na gani, maganar cire akwatin gidana kuwa ta fice mani daga kai. Na sauya mata kalmar sirri, ta ƙi. Na kashe na kunna, ta ƙi. Kafin in ɗago, na ofishin kuɗi ya aiko, na ɗakin karatu ya aiko, ɗakin jarrabawa kuwa kusan rabin kwamfutocin sun yi tawaye. Abin da ya fi ruɗa ni, wasu suna shiga lafiya lau, na kusa da su kuma su ƙi. Na zargi ɓera, na bi kebul ina rarrafe har gwiwar wandona ta yi fari. Na zargi zafi. Na zargi kamfanin layi, har na kira su na yi wa wata baiwar Allah faɗan da ba ta ci ba ba ta sha ba. Na kashe babbar sabar kwalejin na sake kunnawa, ita kuwa lafiyarta ƙalau.

Da abin ya ishe ni sai na tara ma'aikata a ƙofar ofishina na yi masu wa'azi. Na ce duk wannan aikin masu jona waya a kwamfutar ofis ne suna caji, su ke kwaso mana cuta. Na ce mutum ya san bambancin kayan gidansa da kayan aiki. (Allah ya gani, ina wannan jawabi ne akwatina yana bayana a ƙarƙashin tebur, koriyar fitilarsa tana ta ƙiftawa.)

Ana cikin haka Alhaji ya iso. Bai shigo ba, ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallon bango.

"Malam, za a iya kuwa?"

Na zube ƙasa. "In sha Allahu, Baba. Ƙaramin abu ne."

Ya gyaɗa kai ya wuce. Bai daɗe da wucewa ba motar baƙi ta shigo.

Dabara ta faɗo mani. Akwai laftof a zauren taro da ba ta neman kalmar sirrin netwok. In na buɗe shafin jarrabawa a kanta na haska a majigi, baƙi za su shagala da kallo, ni kuma in samu sararin lalubo matsalar. Na jona majigi, na jona lasifika, na ƙure sauti don na bayan zaure su ji. Ban gwada ba, don kafin in gama an cika kujeru: baƙi a gaba, shugaban kwaleji, malamai, har da wasu ɗalibai a jikin taga.

Alhaji ya miƙe don yi wa baƙi maraba. Ya mayar da hannuwa baya, ya sauko da tabarau kan karan hanci, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ehem. To, jama'a." Haka yake buɗe kowace magana tun da na san shi. Ya yi jawabinsa gajere, ya rufe da cewa, "Yanzu Malam zai nuna maku aikin da aka yi."

Na rubuta adireshin shafin jarrabawa na danna.

Abin da ya bayyana a bango, da manyan baƙaƙe da furanni kewaye, shi ne: BARKA DA ZUWA GIDAN ANGON HAFSATU.

Na kalli rubutun kamar ban iya karatu ba. Ina cikin tambayar kaina me ya kawo gidana Dutsin-Ma, sai bidiyo ya tashi da kansa.

Ni ne. A tsakar gidanmu. Na sa babbar riga, na cusa matashin kai a ciki, na ɗora tabarau a karan hanci, hannuwa a baya, ina takawa a hankali ina ɗan jan ƙafar hagu. Na tsaya, na dubi kaji, sai lasifikar da na ƙure da hannuna ta cika zaure:

"Ehem. To, jama'a."

Inna lillahi. Ba a fi ɗan lokaci ba da mai maganar ya faɗe ta a wurin, ga shi zaune a layin gaba. Ko baƙon da bai taɓa ganinsa ba sai ranar, ya san wa ake nufi. Kuma ban tsira ni kaɗai ba, don daga bayan wayar da ke ɗaukar bidiyon sai ga muryar Hafsatu tana dariya har da shiɗewa: "Wallahi sai na gaya wa Baba. Sake yi, sake yi, ka manta gyaran hula."

Na kai hannu zan rufe, na danna wani abu, hoton ya ƙara girma ya cike bango. Hajiya Binta ce ta yi ta maza ta fizge wayar majigi. Hoto ya ɗauke, amma lasifika ba ruwanta da majigi, sai ga ni a cikin shirun nan ina sake yin "Ehem", wannan karon da tari a kai. Da ƙyar na tuna laftof tana da murfi, na kifa shi.

Wata daga cikin baƙin ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa. Shugaban kwaleji ya ƙura wa silin ido. Ni dai na ji da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja ta in rufe.

Alhaji bai ko waiwayo ba. Ya ce, a hankali, "Malam, in an gama wannan, a nuna wa baƙi abin da suka zo gani."

A guje na fita, don yanzu na san ɓarawon. Na durƙusa ƙarƙashin teburina na fizge akwatin. Ashe tun ƙarshen mako yake rige-rige da sabar kwalejin wajen raba lambobi. Duk kwamfutar da ta karɓi tasa sai ta ɓace hanya, ta kasa samun inda ake tantance kalmar sirri. Aka kashe kwamfutoci aka kunna, kowa ya shiga kamar ba a yi komai ba. Shafin jarrabawa ya buɗe tas.

Sai dai shugaban baƙin ya yi tambaya guda: yaya aka yi na'urar gidan wani ta shiga layin da za a ɗora jarrabawar ɗalibai? Na buɗe baki, Alhaji ya riga ni.

"Ni na kawo shi aikin nan. In akwai sakaci, a rubuta a kaina."

Suka ce sai an gyara tsari za su sake dawowa. Masu ƙus-ƙus kuwa ranar ba su ma buƙaci rage murya ba.

Da na isa gida na gaya wa Hafsatu, zama ta yi daɓas a bakin murhu, ta ɗora hannu a ka, ta ce ita da gidansu sai dai in Sallah ta zo. Na ɗauki kawuna daga Birchi ya raka ni ba da haƙuri. Na zauna can bakin tabarma kaina a ƙasa, kawu yana ta jero magana. Alhaji ya ce, "Ya wuce. Yara ne." Har ya sa aka kawo mana fura. Na ɗauka shi ke nan na sha da ƙyar.

Sai a taron ma'aikata na gaba. Alhaji ya miƙe, hannuwansa suka nufi baya, sai ya dawo da su ya dafa tebur. Ya ja numfashi inda ya saba gyaran murya, kowa yana jira, sai ya haɗiye. Ya ce, "Assalamu alaikum," ya shiga magana kai tsaye. Tun daga ranar ban sake jin "To, jama'a" a bakinsa ba, ko a ofis ko a gida. Wallahi da zagina ya yi a gaban mutane da ya fi mani sauƙi.

Baƙin sun dawo daga baya, mun kuma ci. Akwatin yana Kurfi, ko ƙofar gida bai sake leƙawa ba. Abin da na koya dai shi ne, netwok komai lalacewarsa ana iya tada shi kafin azahar, amma abin da na ɓata wa dattijon nan babu inda ake kashewa a kunna ya dawo.