Katin Injiniya Gwadabe, Sabo Fil a Leda

Duk wanda ya ce ilimin zamani a Kano ya tsaya bai ƙaraso Dutse ba, to ƙafarsa ba ta taɓa taka layinmu na Limawa ba. A nan Allah ya ajiye mana Injiniya Gwadabe, kuma mun gode. Ni tela ne, bango ɗaya ya raba shagona da nasa, saboda haka duk ilimin da ya fito daga bakinsa kunnena yake fara duka kafin ya isa ga sauran jama'a.

Kada ku tambaye ni inda ya karanta injiniyanci, ku bar mutum da mutuncinsa. Abin da na sani, shekara talatin da biyu ya yi yana tsaron sito a wata ma'aikata. Ranar da ya yi ritaya an tarar da kujeru da fankoki da aka kawo tun yana saurayi, kowanne a cikin ledarsa, ko yatsa bai taɓa ba. Ma'aikata suna zama a kan benci mai ƙafa uku, amma kayan gwamnati lafiya lau. Idan wannan ba riƙon amana ba ne, ku faɗa mini sunansa. Laƙabin Injiniya kuwa ya same shi ne ranar da janareton ofis ya mutu, ya zo ya tsaya a kansa ya ce a duba mai. Aka duba, babu.

Bayan ya bar aiki sai ya ji wasu malaman makaranta suna kuka a majalisa, wai duk garin nan babu kwamfutar da za ta ɗauki babban aikin zane da haɗa bidiyo, sai an tafi Kano. Suka ce sirrin yana wurin wani abu da ake kira katin girafik, wanda ake soka wa kwamfuta a ciki, shi ke ɗaukar nauyin duk wani hoto. Wata biyu tsakani sai ga kwali ya iso wa Injiniya daga Dubai. Katin da ya fito daga ciki ya kai tsawon hannuna, ga nauyi kamar bulo, ga fanka uku a jere a jikinsa, ga fitilu masu canza launi. A ranar samarin layi suka raɗa wa Injiniya suna Mai Fanka Uku. Shi kuma ya ɗauka sarauta ce, duk wanda ya kira shi da ita sai ya ɗaga masa hannu.

Daga Kano aka ɗauko mai haɗa kwamfutar. Bawan Allah ya jera komai a cikin akwati mai bangon gilashi, ya kai hannu zai yage ledar da katin ya zo a ciki, Injiniya ya cafke masa wuyan hannu. Ina jin su ta bango. Mutumin ya rantse cewa abin nan numfashi yake yi, idan bai sha iska ba zafi zai kashe shi. Injiniya ya ce tun kafin a haifi mutumin shi yake adana kayan aiki, kuma a duniya bai taɓa ganin abin da leda ta lalata ba. Daga ƙarshe aka tsaga ɗan wuri kaɗan daga ƙasa inda katin zai shiga raminsa, da wani inda waya za ta wuce, aka bar shi sanye da rigarsa. Mutumin Kano ya rataya jakarsa ya ce a shaida babu ruwansa.

Aka juya gilashin yana kallon ƙofa don masu wucewa su amfana. Aka kafa allo a sama, an rubuta Cibiyar Girafik ta Ƙasa da Ƙasa.

Matsala ɗaya ce kawai, ita ma ba ta kai a kira ta matsala ba. Duk aikin da aka ɗora wa kwamfutar, ba ta cika minti biyar. Fankokin nan za su tashi suna fafatu a cikin leda kamar kaza a buhu, sai kuma ɗif, allo ya yi baƙi. Wani da ba shi da ilimi da sai ya ji kunya. Injiniya kuwa gyara hula yake yi ya fuskanci mai aikin.

"Ka fahimci wani abu, ɗana. Katin nan an ƙera shi ne don finafinan da ake rusa birni guda a cikinsu, da wasannin gem da 'ya'yan manya ke yi a Turai. Kai kuma ka kwaso masa bidiyon sunan ɗanka. Ya duba, ya ga an raina shi, ya yi zuciya ya ɗauke. Ni ma da ni ne haka zan yi."

Haka mutum zai fito yana sunkuyar da kai, yana jin kunyar ƙanƙantar aikinsa. Na ga mai ɗaukar hoton biki ya ba shi haƙuri da bakinsa. Wata takwas ana haka, ba a taɓa gama aiki ɗaya a cibiyar ba, kuma darajarta kullum ƙaruwa take. Shi dai Injiniya ludo yake bugawa a kan kwamfutar daga safe zuwa yamma, don a cewarsa wannan ne kaɗai wasan da katin ke yi wa uzuri.

Wata Laraba da hantsi Juwairiyya ta zo. 'Yar Modibbo ce, wani dattijo mai shanu a Buji wanda suka saba da Injiniya tun zamanin sito. Tana shekarar ƙarshe a karatun zanen gine-gine, kuma washegari Alhamis ƙarfe tara za ta tsaya gaban malamanta ta kare aikinta. Ta zana wurin tattara madara irin wanda take so a gina wa matan rugarsu, komai ta gama, saura abin da suke kira renda, wato kwamfuta ta mai da zanen bidiyo, mutum ya ga kamar yana yawo a cikin ginin. Laftof ɗinta ta gwada sau uku tana sumewa. Dokar kuwa a fili take: wanda bai zo da bidiyonsa ba sai baɗi. Shekara guda cur ta yarinyar nan tana cikin ɗan filashin da ta ƙulle a bakin mayafinta.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta. Injiniya ya ce ta zo inda ya dace, amma ba a hawa kati haka kawai ba a san tarihinsa ba. Ya faro daga yadda aka sauke kwalin a tasha. Ya bi ta kan fanka ta ɗaya, da ta biyu, da dalilin da ya sa ta ukun ta fi su hankali. Ya tsayar da wani mai sayar da rake da ke wucewa don shi ma ya ji. Ina daga shagona ina taka keke, amma wallahi zuciyata na wurin yarinyar, tana ta duban agogon wayarta tana cewa haka ne, Baba. Sai bayan azahar ya tashi daga kujerar ya ce ta zauna ta sa aikin da kanta, shi ba ya taɓa ƙananan abubuwa.

Ta sa. Minti huɗu, ɗif. Ta jira ta huce, ta sake, wannan karon ko uku ba a yi ba. Sai ta matsa ta ɗora tafin hannu a gilashin, ta janye da sauri, ta leƙa ciki. Na ga lokacin da ta gane, domin ta daɗe tana kallon ledar nan. Yarinya mai tarbiyya, ta rasa ta inda za ta ɓullo wa abokin mahaifinta. Can ta yi ƙasa da murya ta ce ko Baba zai yarda a ɗan cire masa rigar, ko na rabin awa ne, ya sha iska.

"Juwairiyya, karatun naku ke nan? Idan na cire ledar nan, wa zai san sabo ne? Kowa ya shigo sai ya ce na hannu Gwadabe ya sayo. Ni da na yi shekara talatin da biyu ban buɗe kayan gwamnati ba, sai nawa zan buɗe? Ki koma ki ƙara wa ginin naki hawa goma, ya zama aikin da kati zai kalla da mutunci."

Ta fito ta zauna a bencin ƙofar shagona, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce ko yanzu ta kama hanyar Kano, kafin ta sami wuri a yi mata layi ya cinye ta. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ɗinke wa wani hannun riga a wuya.

Ana kiran la'asar Injiniya ya fito da babbar riga zai wuce taron ƙungiyar masu harkar kwamfuta ta unguwa, wadda shi ne shugabanta, shi ne kuma ya kafa ta. Ya bar wa matarsa Hajiya Hassana jiran shago, don ta kawo masa fura ta tarar zai fita. Hajiya ta ga yarinya na share hawaye, ta tambaya, aka faɗa mata. Sannan ta ce shekara tara tana zaune a kan kujerun falo masu leda, duk baƙuwar da ta zo sai ta tashi da zane a manne, rimot ɗin talabijin ma har yau ba ta san kalarsa ta gaskiya ba. Ta miƙo mini hannu ta ce, "Malam, ara mini almakashi."

Ba zan yi ƙarya ba, mai kaifin na zaɓa mata.

Juwairiyya ta kashe komai ta zare waya daga bango, ta kwance gilashin, ta riƙe katin da hannu biyu. Hajiya ta bi ledar a hankali, ta zare ta ɗungurungum, gefenta duk ya yi ƙauri. Aka mayar da gilashi aka kunna. Fankokin suka juya shiru, ko motsinsu ba ka ji. Mu uku muka tsaya muna kallon wani ɗan layi yana cika a allo. Minti biyar ya wuce, goma ta wuce, Hajiya na ta salati a ƙasa-ƙasa. A minti na ashirin da shida aiki ya kammala, sai ga rumfar madara a allo, ga inuwar bishiya tana motsi a jikin bango, ga inda mata za su jera ƙwarya. Yarinyar ta juye shi a filashi, ta sake juyewa a wayarta, sannan ta rungume Hajiya.

A haka Injiniya ya dawo ya same mu. Ya ga bidiyo na tafiya, nan take ya juya ya kira mutanen layi su zo su shaida, ya ce dama ya faɗa, kati ya sake nazarin aikin ya ga akwai ɗan abin dubawa a ciki. Yana cikin jawabi idonsa ya faɗa kan gilashi. Ya tambayi ina ledar take. Hajiya ta ce ita ta cire, kuma daga nan falo za ta wuce. Ya zauna a kujera jagwab, ya ce shi ke nan, sun mai da masa kati na hannu. Ranar ko furar bai sha ba.

Juwairiyya ta ci jarrabawarta, har malamai suka sa aka maimaita bidiyon. Da suka tambayi inda aka yi shi, ta faɗi gaskiya tsakaninta da Allah, ta ce a cibiyar Baba Injiniya Gwadabe da ke Limawa, minti ashirin da shida.

Ranar Asabar kafin in buɗe shago layi ya kai bakin titi. Ɗalibai da filashinsu, masu bidiyon biki biyu, har da wani malami da ya zo daga Jahun da zanen masallaci. Kowa so yake Injiniya ya yi masa da hannunsa mai albarka. Ya iso, ya ga jama'a, ya ɗaga hannu, ya zauna ya kunna. Ya karɓi filashin malamin ya soka, daidai a karo na uku. Sannan ya harɗe hannu yana jiran allo ya yi baƙi kamar yadda aka saba, jawabinsa na nan a shirye a bakinsa. Allo ya ƙi yin baƙi. Kwamfuta ta yi tsit, a sanyaye, tana jiran a gaya mata abin da za ta yi. Ya danna wani wuri, ludo ya buɗe. Ya rufe. Ya danna wani, ludo ya sake buɗewa. Malamin Jahun ya yi gyaran murya.

Injiniya ya miƙe ya ce a ba shi minti biyu, akwai kira daga Dubai. Ya shigo shagona, ya wuce har bayan labulen da mata ke gwada kaya, ya ja shi ya rufe. Na rage taka keke don kada in dame shi, sai na ji ya buga waya.

"Juwairiyya, 'yata, kin tashi lafiya? Ya su Modibbo? Wai ni kam, wancan abin da kika danna ranar nan, ta ina ake shigarsa?"